Ban Ji Sunana Ba

Yana cikin baiti na biyu aka kashe masa makirfo.

Ƙanena Bashir nake nufi. Tun yana sakandare yake rubuta waƙoƙin rock irin na Turawa, daga shi sai jitarsa, a ɗakin haya a unguwar Glenwood, a nan ƙasar waje da muke zaune. Albam ɗinsa ni kaina na daina ƙirgawa. Ɗaliban jami'a kan cika wani gidan shan kofi a titin Elm Street don sauraronsa, amma namu Hausawa ko ɗaya bai taɓa leƙawa ba.

Jiya aka gayyace shi wasa a walimar aure. Don murna har aski ya yi. Ya zaɓi waƙar da ya yi wa marigayiya mahaifiyarmu, mai amshin Hausa.

Sai uban ango ya taso. "Kai yaro, tun ɗazu kake kaɗa gurminka, ban ji sunana ba, ban ji na baƙina ba!"

Bashir ya rusuna. "Baba, ni ba na wasa mutane. Wannan ta Mama ce."

"To ka je gida ka rera mata."

Mutumin nan da shi aka kai ta makwancinta.

Ku gaya min, in mawaƙi bai kira sunanku ba, kunnenku toshewa yake yi?