Gurbin Yaya Sule

Bana shekara tara ke nan da muka kai Yaya Sule makwancinsa a Rano. Shi ya gaji manyan motoci uku na mahaifinmu, masu ɗaukar hatsi da kayan gwari daga Kibiya zuwa Kano. Ni ƙaninsa ne, lodi ne aikina.

Yaya ba ya cika mota. A bayan kowace bodi ya sa an ja layi da jan fenti, 'yan dako ba sa tsallake shi. Wurin da ya rage bayan layin na masu buhu ɗaya ne: tsohuwa a bakin hanyar Tarai da ɗan geronta, ko manomin Nariya da kwandon tumatirinsa ke shirin ruɓewa. Ba ya karɓar komai a hannunsu. In na yi ƙorafi sai ya ce, "Habu, mota ai ba cikinka ba ce, da sai ta cika za a yi barci."

Bayan rasuwarsa, tsadar gas da kayan gyara suka cinye motoci biyu. Ta ukun ɗansa Kabiru ke ja, ita ma ba ta riƙe kanta. Bara muka zauna: ko a riƙa cika ta maƙil, ko a sayar. Ni na so a cika, don wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Kabiru ya sunkuyar da kai ya ce, "Baffa, ba da hannuna za a tsallake fentin nan ba." Muka sayar.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce. Wataƙila ya sa wa yaron albarka. Wataƙila kuma ya ce mun rushe gida don gudun ɓata zane. Ban sani ba, kuma babu wanda zan tambaya.

Ranar kasuwar Kibiya da ta wuce na ga motar, an sake mata fenti. 'Yan dako na lodi, suka tsaya daidai inda layin yake a dā. Sabon direban ya daka musu tsawa. Wani dattijo cikinsu ya ce, "Malam, nan gurbin Sule ne." Daga baya dai suka cika ta.

Motoci sun tafi, fenti ya goge, abin da ya rage shi ne hannun 'yan dako da ke tsayawa da kansa. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa gurbin da ya yi ta bari a nan ya tarar da shi cike a can.