Gonar Da Layin Zaɓe Ya Ci

Muna zaune a wani ƙauye bayan Adogi, a ƙasar Lafia, lokacin da zaɓe ya fara iso mana, saura 'yan shekaru Turawa su tafi. Mu baƙi ne a wurin. Mahaifina ya zo daga arewa da fatauci, dagaci ya ara masa daji ya sare, bayan rasuwarsa na ci gaba da noman doya a ciki.

A lokacin babu akwatin ƙuri'a a wajenmu. 'Yan takara ne za su tsaya a fili, kowane magidanci mai biyan haraji ya je ya yi layi a bayan wanda yake so, gari duka yana kallo. Mutum biyu suka fito: ƙanen dagaci, da surukina, uban matata, wani tsohon soja da ya ga duniya. Yakan ce akwai ƙasar da sarki ke yanke magana shi kaɗai, akwai wadda masu bindiga ke riƙe da ita, mu kuwa yanzu doka ta ba talaka damar zaɓen wanda zai yi magana da yawunsa.

Na ce masa, "Baba, gonar da nake ci ta aro ce fa."

Ya ce, "Yaro, ba mai taɓa ka. 'Yancinka ne."

Ranar zaɓe na tsaya a bayansa. Layinmu gajere ne ƙwarai, ba sai an ƙirga ba. Muka sha kaye, kowa ya watse.

Da ruwan farko ya sauka na riga na tayar da kunyoyi, na yanka irin doya na barbaɗa masa toka. Na isa gona da kwando a ka, sai na tarar da wasu mutane suna shuka a kunyoyina. Suka ce dagaci ne ya ba su. Na ajiye kwandon na ruga ƙofar gidansa, na zube a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, matata tana da tsohon ciki. Irin doyata a yanke yake, in ya daɗe zai ruɓe."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Aron da aka ba ubanka ya ƙare. Wanda ka tsaya a bayansa ya ba ka gona."

Washegari na taka zuwa Lafia. A kotu aka ce ƙasa ta masu gari ce, sai in zan kawo shaidar cewa saboda zaɓe aka kore ni. Na koma na bi maƙwabta gida-gida. Mutanen da muka yi gayya tare suka riƙa sunkuyar da kai, domin su ma da yawansu aro suke nomawa. Na sake dawowa Lafia, wannan karon ofishin Bature, tare da surukina sanye da tsohuwar rigarsa ta soja. Muka wuni a rana. Da la'asar tafinta ya fito ya ce Bature ba ya shiga maganar gona, mu koma wurin sarauta.

Na riƙe hannun rigarsa na ce, "Malam, don Allah, dokar da ta ce in zaɓa, a ina take zaune? Nuna mini in je in same ta."

Ya dube ni da tausayi, ya zare hannunsa ya shige.

Irin ya fara wari a ɗaki. Matata takan fere wajen da ya ruɓe ta dafa mana sauran, tana yi tana juya mini baya don kada in ga hawayenta. Na koma wa dagaci na rantse masa duk zaɓen da zai zo layinsa zan bi har in mutu. Ya ce ya ji, amma gona an riga an shuka. Surukina ya yanka mini gefen tasa gonar, sai dai tsakuwa ce, kuma irin da ya rage bai cika kwando ba.

Kafin damina ta yi nisa muka ɗaure kayanmu muka shigo garin Lafia. Wani ɗan ƙabilar Tibi mai sayar da doya ya ba mu ɗaki a unguwar Bukan Sidi, na fara yi masa dako a kasuwa. A wannan ɗakin matata ta haifi 'yarmu ta fari. Surukina ya zo suna da kaza a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shigowa, sai da na fita na kama hannunsa na zaunar da shi a tabarma.