Kusurwar dama

A ajinmu ba wanda ya kai ni saurin babban yatsa. Ina tura tes hannu a aljihu, lakcara na kallona. Da aka raba furojet na shekarar ƙarshe, nawa ya faɗo kan littafin lantarki mai lanƙwasuwa, wai in ƙirƙiro yadda za a juya shafi ba maɓalli. Na ce abin nema ya samu.

Irin wannan sikirin sai a hoto muka taɓa gani. Na samo robar bangon fayil, na manna mata sensa a kusurwa, na jona da wani tsohon tablet na dipatmen ɗinmu. Ka riƙe da hagu, ka lanƙwasa kusurwar dama da babban yatsa, shafi ya wuce. Gayu suka gwada, kowa shap-shap. Ranar difens, da na kare furojet ɗin gaban malamai, na ci A. A keke daga Sabon Tasha har Unguwar Boro ina ta waƙa, mai keken ya tambaye ni ko ɗan takararmu ne ya ci zaɓe.

Na tarar da Baba a baranda. Wata biyar ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Shekara da shekaru shi ke karanta nassi a sujadar Hausa, kuma fasto ya ce ran Lahadi ya sake gwadawa. Littafinsa na takarda rufewa yake masa a cinya.

"Kawo abin naka, injiniya," ya ce. "In ya yi, da shi zan karanta."

Na buɗe masa wurin, na ƙara girman rubutu. Ya riƙe da hagu, ya karanta har ƙasa, murya na ja. Sai ya tsaya. Ya danna kusurwar a gwiwa, shafi bakwai suka wuce. Ya kai ta haɓa, ta koma farko.

Mama ta leƙo daga kicin. "Ku 'yan boko, duk wanda kuka sani hannu biyu gare shi?"

"Zan gyara, Baba. Ƙaramin abu ne."

"Kafin jibi Lahadi?" ya tambaya.

Na karɓi abin daga hannunsa. Da safe ma zan mayar wa dipatmen kayansu.

Ran Lahadi na tsaya gefensa a gaban ikilisiya, riƙe da littafin takarda. In ya kai ƙasa sai ya ɗan yi tari, in juya masa. Shafi biyu ne duka. Da aka tashi mutane suka yi ta gaishe shi, ni kuma na fita titi neman keke.