Ranar da na shafa wa kayan wasan Kawu man shanu

Kawuna na Gwallaga mai gyaran agogo ne, kuma yana tara 'yan akwatunan nan masu launuka da ake jujjuyawa har kowace fuska ta koma launi ɗaya. A kabad mai gilashi yake kulle su. Ko ƙuda bai isa ya sauka a kansu ba sai da izini.

Ni kuwa na riga na cika unguwa da labarin cewa ni gwani ne. Gaskiyar magana, ɓare takardun launin nake yi in sake manna su.

Wata Asabar aka kawo masa sabo daga Kano, mai fuska goma sha biyu, kamar kan abarba. Ya dagula shi, ya miƙo mini.

“Gwani, in ka gyara kafin in dawo daga La'asar, makullin kabad naka ne.”

Yana fita na sa farce. Babu takarda! Launin a jikin robar yake. 'Yarsa, taubashiyata, ta jingina da ƙofa tana cin gyaɗa.

“Malam gwani, ko in kawo maka fenti?”

“Tauri ne da shi, ke me kika sani? Manya mai suke sa masa.”

Haka na gani a waya, sai dai ban tsaya jin wane irin mai ba. Na shiga kicin na lakuto man shanun da dangi suka aiko wa matar Kawu daga ruga, na cusa a kowace kafa. Ya yi laushi kuwa. Juyi na uku ya suɓuce, ya daki siminti, ya tarwatse. Na rantse har ƙarƙashin randa na tsinto wani ɓangare, kaza kuma ta gudu da ɗaya, na bi ta ina ba ta haƙuri.

Kawu ya yi sallama, ya tsaya yana shinshina iska.

“Wa ya yi tuwo bai kira ni ba?”

Taubashiyata ta nuna ni, dariya ta hana ta magana.

Bai dake ni ba. Kwano ya ba ni da sabulu da tsohon burushi, na wanke gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida. Makullin kuwa, a gabana ya ɗaura wa 'yarsa shi a bakin zane. Yanzu in ina son leƙa kabad, sai na ce mata “ranki ya daɗe”, sannan ta shinshina hannuna.