Maman Biyu da Motar Minna

Rifkatu Ishaku ta daɗe tana gasa masara da doya a bakin titin Zuma, amma ba mai kiran sunanta sai mijinta, shi ma sai in magana ta yi tsami. Maman Biyu kowa ke ce mata.

Cikin 'yan biyun nan bai zo mata da sauƙi ba. Tun yana wata biyar ya yi girman na wata tara, ƙafafunta suka daina shiga silifa. A wata na bakwai aka kwashe ta ranga-ranga sai asibiti. Joy ta fito jajir, ɓul-ɓul da ita. Miriam ta biyo baya fara fat, 'yar mitsitsiya, numfashinta yana ɗaukewa yana dawowa. Kwalbar saka bakwaini ɗaya ce tal a asibitin, sai nas Morenike ta haɗa su a ciki, numfashin Miriam kuwa ya daidaita. Daga ranar Rifkatu ta yanke hukunci: yarinyar nan da numfashin 'yar'uwarta take rayuwa, ba mahaluƙin da zai raba su.

Miriam ba ta yi magana ba sai da ta shekara huɗu, karatu kuma ya yi mata nauyi. Ta kama harafi yau, gobe ya tsere mata. Da aka ce ta maimaita aji uku, Rifkatu ta bar masara a kan wuta, ta je ta zauna a ƙofar ofishin hedimasta har ya gaji ya yarda Joy ma ta maimaita. Sau biyu ana haka. Joy tana zuwa ta ɗaya, ta dawo gida da kuka.

Abin da Rifkatu ba ta lura da shi ba shi ne ƙafar Miriam. Direbobin Abuja ba sa tsayawa sosai, sai dai su rage gudu, Miriam ce ke bin mota tana miƙa wa fasinja masara ta taga. A shekarar 1997 sai ga Malam Sebastine, malamin wasanni, a gindin murhunta.

"Sannu da aiki, Maman Biyu. Miriam za ta Minna ranar Jumma'a, gudun mita ɗari huɗu. Kaf makarantun Suleja ba wadda ta kamo ta."

"To, Allah ya kiyaye hanya. Sai in shirya su da wuri."

"Ita kaɗai ce fa. Kujera goma sha huɗu ce a motar."

"Joy ba ta da ƙiba. Ta zauna a cinyarta."

"Madam, Joy ko kaza ba ta iya kamawa."

"To koya mata kafin Jumma'a. Ba kai ne tica ba?"

Malamin ya yi ta bayani, wai tun da Miriam ta fara atisaye take ɗaga hannu a aji, har ta haddace sunayen jihohi. Rifkatu ta ci gaba da fifita wuta. Mutumin da aka kawo Suleja shekaranjiya, shi zai gaya mata yadda 'yarta ke numfashi? Yana ina lokacin da take ɗiga mata nono da cokalin shayi?

Da yamma mijinta Ishaku ya dawo daga ma'aikatar da yake masinja a Abuja, ya ji zancen, ya ce, "Rifkatu." Ta ce ya ci tuwonsa. Miriam na gefe tana murza bakin zane. Joy ce ta ajiye tsintsiya.

"Mama, ni fa ba inda za ni. Shekara uku ina aji uku saboda ita, yanzu kuma in bi ta Minna in riƙe mata takalmi?"

"Idan numfashinta ya ɗauke a hanya fa, uwar iyayi?"

"Kullum da la'asar tana fili, ni ina laburare, awa biyu cur. Wata shida ke nan. Ta mutu?"

Rifkatu ta dubi wannan, ta dubi waccan. Wato har da munafunci a gidanta.

Ranar Jumma'a ita ta raka Miriam har bakin mota, ta tsare Malam Sebastine da sharuɗɗa: kusa da taga za ta zauna, ban da ruwan sanyi, kuma ya riƙa duban bakinta ko ya canza launi. Ranar doya shida ta ƙona. Duk motar da ta fito daga wajen Lambata, hanyar Minna, sai Rifkatu ta miƙe tsaye.

Gab da magariba motar ta sauke Miriam, ƙura har gira, muryarta ta dishe. Rifkatu ta fizgo ta, ta kara kunne a ƙirjinta, ta daɗe tana saurare.

"To, ta nawa kika zo?"

"Ta huɗu, Mama."

"Ta huɗu? Duk tashin hankalin nan a kan ta huɗu?"

"Malam ya ce... za a sake. Wata mai zuwa. A Bida."

Rifkatu ta jawo kujerarta ta zauna, ta ce a miƙo mata ruwa.