Takardar Rabha Mai Hatimi

Duk wadda ta aurar da 'ya a unguwar Darb Sultan ta Kasabalanka ta san Rabha mai ɗinkin kayan amare. 'Yar siririya ce mai kaifin harshe. Idan ta ce kala ba ta karɓe ki ba, ko mijinki ne ya zaɓo sai kin ajiye. Daga ƙauye ta zo tana budurwa, ta yi wa wani tela aiki har hannunta ya faɗa, sannan ta sayi keken ɗinkinta. Ta taɓa aure sau ɗaya, ta sha baƙar wuya kafin ta fita, ta rantse ba za ta sake miƙa wa namiji igiyarta ba.

Sai Allah ya haɗa ta da Bushaib, magatakarda a ofishin wani lauya, mutum mai sanyin murya da iya sauraro. Shi ma ya ce aure bai dame shi ba, ita yake so. Suka kama haya a saman wani bene. Mai gidan ba ya ba mace ita kaɗai haya, don haka sunan Bushaib aka sa. Maƙwabta kuwa aka gaya musu a ƙauyensu aka ɗaura aure. Nan ta kafa kekenta, nan iyayen amare suka riƙa hawowa da yadi a hammata, har gidan ya zama shi ne shagonta, shi ne sunanta.

Rabha ba ta yarda da alkawarin baki ba. Ta ce sai an rubuta: ranar da aka rabu, shi zai fita, ita ta zauna. Da hannunta ta rubuta. Bushaib ya karanta a natse, ya ce saura abu ɗaya.

"Ba ki faɗi ko mu su wane ne ba. Rubuta cewa zaman miji da mata muke yi, ba tare da an ɗaura aure ba. Ni ba na jin kunyar zama da ke, Rabha."

Matar da ba a taɓa ganin hawayenta ba, ranar ta yi kuka. Ta ƙara layin, suka sa hannu, suka kai ofishin gunduma aka buga hatimi. Mai bugawar ko kallon rubutun bai yi ba, katin shaida kawai ya duba. Mutanenmu dai, da sun ga hatimi a takarda sai hankalinsu ya kwanta, kamar an sa wa ƙofa kwaɗo.

Aka kwashe shekaru ana zaman lafiya. Wata Juma'a, sun gama cin kuskus ke nan, Bushaib ya ce mahaifiyarsa ta samo masa mata, yana son 'ya'ya, kuma gidan nan yake so ya sa ta. Rabha ta ji zafi har cikin ƙashinta, amma ba ta roƙe shi ba. Ta ɗauko takardar ta ajiye kusa da butar shayi, ta ce Allah ya sanya alheri, sai dai ya nemi wani gidan. Ya ce ta kai ta duk inda take so.

Ta kai wa Lalla Kanza, wata lauya da ta taɓa ɗinka wa 'yarta kayan biki. Lauyar ta karanta, ta tashi ta rufe ƙofa.

"Wa ya sa ki rubuta layin nan na ƙarshe?"

"Shi."

"'Yar'uwa, wannan amsa laifi ne, da sa hannunki da hatimi, don dokar ƙasar nan ta hana zama ba aure. Alƙali ba zai ko kalli zancen gida ba, ku biyun zai ɗaure. Shi in ya fito abokai su tsokane shi a wurin shan shayi, a manta. Ke kuma wace uwa za ta sake kawo miki kayan 'yarta?"

Da ta koma gida tambaya ɗaya ta yi masa, ko ya san haka tun ranar da aka rubuta takardar. Bai ko kau da kai ba. Ya ce tun yana saurayi yake aiki da lauyoyi, kuma ai ita ta nace sai an rubuta. Wannan ya fi zancen auren ci mata rai. Ashe ranar da take kukan daɗi, shi ƙofar fitarsa yake gyarawa.

Washegari tana ɗaure kaya a kwali, matan benen suka shigo, Hajiya Mbarka ta hawan ƙasa tana gaba. Tsohuwar ta zauna a kan ƙunshin yadi, ta kama hannun Rabha, ta tambaye ta saki nawa ya yi mata. Rabha ta ce ɗaya.

"To ki kwance kayan nan, 'yata. Saki ɗaya ai a ɗakinki za ki yi idda, ba shi da ikon fitar da ke. Gobe da safe ni da kaina zan raka ki kotu, ki ɗauko takardar aurenki kawai."

Sauran matan suka ce su ma za su je, su ne shaida. Rabha ta dubi fuskokinsu, matan da suka yi shekaru suna kiranta matar Bushaib, ta ga da gaske suke, ga shi ba ta da takardar auren da za ta nuna.

"Kunya ce ta hana ni faɗa, Hajiya," ta ce. "Uku ne."