Gida uku a aji ɗaya, a Hajj Yusuf

Shekarun baya, ina karatu a Khartoum, abokina da muke ɗaki ɗaya a unguwar Alsahafa ya gama ya koma gida, ya bar ni da fanka da bango. Don in rage zaman shiru na karɓi koyar da karatun Larabci a aji biyar, a wata ƙaramar makaranta a unguwar Hajj Yusuf.

Cikin sati guda na gane ajin ba ɗaya ba ne. Wasu na karanta labari kamar ruwa, wasu na tuntuɓe a kowace kalma, 'yan kaɗan kuma baki kawai suke motsawa. Cikinsu har da wata yarinya da kakarta ta kawo daga ƙauye, ba ta taɓa ɗaga hannu ba.

Sai na raba su gida uku. Na gaba su karanta su tattauna, na tsakiya su karanta bibbiyu, na baya kuma mu koma kan haruffa. Shugaban makaranta ya ce, "Ya ustaz, littafi ɗaya ne, jarrabawa ɗaya ce. Kada ka jawo mana surutun iyaye." Na roƙe shi, ya ce in dai zan yi, sai dai a lokacin fatur, wato karin kumallon hantsi.

Lokacin nan ne kaɗai nake zama da mutane. Malamai su kewaye kwanon ful, dafaffen wakensu, suna raha, ni ina jiyo dariyarsu ta taga, ina nanata "ba, bi, bu" da Larabcina na littafi da yaran kansu ke yi wa dariya. Da farko malaman suna aikowa a kira ni, daga baya suka daina.

Dab da ƙarshen shekara wata tsohuwa ta tsaya a ƙofar aji. Kakar yarinyar ce, ashe cikin Hausawan can take. Da wata tsohuwar Hausa ta ce, "Kai ne malamin? Ɗana, jiya mun tafi Kasuwar Libiya ta nan ƙetaren kogi, jikata ce ta karanta mini allunan hanya. Ban tambayi kowa ba." Ta sa mini albarka ta tafi.

Na dawo ɗaki da wannan labari a bakina, ba wanda zan faɗa wa.

Yau ina koyarwa a gida, kuma har yanzu ba na ba aji duka aiki iri ɗaya. Tun da yaƙi ya watsa unguwar Hajj Yusuf ban ji ɗuriyarsu ba. Ina dai roƙon Allah, duk hanyar da suka bi, ya kasance yarinyar na gefen tsohuwar.